Jinyar Mai Ciwon Daji: Wahala Ce Kawai, Ko Akwai Abin Da Take Bari?

Da gaske ne jinya na iya ƙara wa mutum wani abu?

E, ga wasu. Masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, sun bibiyi mutanen da suka shiga mummunan tashin hankali, a 1996 suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 21 na gane canjin alheri da kan biyo baya. Sun ga yana bayyana ta fuska biyar: ganin darajar rayuwa, ƙarfafar zumunci, gano juriyar da mutum bai san yana da ita ba, buɗewar sabuwar hanya, da zurfin imani. Matar da ta yi watanni tana kai mijinta kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wadda a da ko kanti ba ta zuwa ita kaɗai, yanzu ita ce ke yi wa sababbin zuwa bayanin inda ake yankar kati.

Ke nan ciwon ne ke kawo alherin?

A'a, kuma nan ake yawan kuskure. Ciwon daji na cinye jari, a sayar da gona da awaki, barci ya ƙaurace. Abin da ke canza mutum shi ne kokawar da yake yi da abin a zuciyarsa. Da farko tunani ne ke afko masa ba sallama: me ya sa mu? Yaran fa? Daga baya, in ya samu sarari da mai saurare, sai ya fara juya lamarin da kansa, yana tantance abin da ke da muhimmanci da wanda ba shi da shi. A wannan mataki na biyu ne canjin ke tsirowa. Kuma ba ya kore baƙin ciki. Mutum na iya ƙara ƙarfi yana kuma kuka da dare.

Ba haƙuri da tawakkalin da muka sani ba ne?

Suna da dangantaka ƙwarai, addu'a tana riƙe mutane da yawa. Sai dai mukan yi amfani da "yi haƙuri" mu toshe bakin mai jinya. Kowa ya shigo sai "ya mai jiki?", ba mai cewa "Yaya, ke fa, kin ci abinci?" A ganina wanda aka hana faɗin gajiyarsa an hana shi rabin waraka.

In ban ji wani canji ba fa?

Ba laifi ba ne, ba kuma raunin imani ba. Amma in rashin barci, faɗuwar gaba ko ƙin abinci sun wuce makonni, a gaya wa likita, ko a Gombe ko a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi.

Me dangi za su yi?

Su yi karɓa-karɓa a kwanan asibiti, kada a bar wa 'ya mace ɗaya komai don kawai ba ta ƙorafi. Wani ya ɗauki girki, wani kai yara makaranta. A kuma tambayi ma'aikatan jin daɗin marasa lafiya na asibitin Gombe game da asusun tallafin Gwamnatin Tarayya na masu cutar dajin mama, bakin mahaifa da mafitsarar maza (prostate).