Malam ya yi ɓaram-ɓarama a talabijin, wa za a kama?

Duk shekara in azumi ya zo nan Sakkwato haka muke fama, tafsiri ta ko'ina, Rima Radio, Rima TV, NTA, ga tashoshin tauraron ɗan adam, sai ka ji wani malami ya bar aya ya koma kafirta 'yan wancan ɓangaren, washegari su ma su hau nasu filin su yi raddi. Mutane na ɗauka ai shi ya faɗa shi ta shafa. To a dokar yaɗa labarai ba haka ba ne.

Hukumar NBC da aka kafa a 1992 ita ke ba gidajen rediyo da talabijin lasisi, kuma mai lasisi take tuhuma, ba malam ba. A kundin ƙa'idojinta an rubuta ƙarara cewa shirin addini kada ya kai hari ko ya yi izgili ga wani addini ko wata ɗariƙa. Don haka wannan sanarwar da ake karantawa kafin shiri, wai ra'ayin mai magana ba na tasha ba ne, ba ta wanke kowa, ko attajiri ne ya sayi filin ya biya kuɗinsa cas, tunda ta eriyarku maganar ta fita ku za a tambaya, shi ya sa manajan da ya san aikinsa yake sa a naɗi karatun a saurara a yanke inda ya kauce kafin a saka. Kai dokar ma ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyya lasisi kwata-kwata.

Hukuncin hawa-hawa ne, gargaɗi, dakatarwa, har ƙwace lasisi. Maganar tara kuwa da ɗan rikici. A 2020 lokacin da Lai Mohammed yake ministan yaɗa labarai aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, kuma a watan Agustan shekarar aka lafta wa tashar rediyon Nigeria Info ta Legas ita kan abin da baƙonsu Obadiah Mailafia ya faɗa, baƙo fa, ba ma'aikacinsu ba. Sai a Mayun 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Ni dai ina ganin alƙalin ya yi daidai, ba za ka zama mai ƙara kuma alƙali ba, balle gwamnati na iya fakewa da ita ta rufe bakin masu sukarta.

Shi ma malam bai sha ba, in maganarsa ta kai ga tunzura jama'a 'yan sanda na iya gurfanar da shi ƙarƙashin dokar final kod ta jiha, wato dokar hukunta laifuka, wannan shari'a ce daban. Inda gizo ke saƙa shi ne yanzu yawancin karatun nan a Facebook da TikTok ake yanka shi ana yaɗawa, wayar almajirin malam kuwa ba ta da lasisin da za a ƙwace.