Tsohon gidan ƙasa a Adar: yadda ake gane shekarunsa da abin da ke kayar da shi

A ƙananan garuruwan Adar, cikin jihar Tawa ta Nijar, irin su Illela, Buza, Keita da Badagishiri, har yau akwai gidajen ƙasa na kaka da kakanni, wasu cike da iyali, wasu an garƙame su masu su suna wajen biɗa, wato neman kuɗi a wasu ƙasashe. Ga tambayoyin da magada suka fi yi idan maganar gyara ko rushewa ta taso.

Gidanmu ba shi da takarda. Ta yaya za mu san shekarunsa?

A fara da tsofaffi, tun suna raye. Kada a tambaye su shekara, a tambaye su wa ya fara zama a gidan, maigida nawa aka yi, wane ɗaki aka gina kafin yunwar 1973, wanne bayan ta 1984, wanne tun zamanin Nasara kafin ƴancin kai na 1960.

Sai a koma ga bangon. Inda yaɓe ya ɓaɓɓake, a leƙa. Tubalin hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, shi ne tsohon yayi. Bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da ake bugawa cikin akwatin katako ya yaɗu ne daga zamanin Turawa. A duba daɓen zaure kuma: idan sai an gangara ake shiga, gidan ya kwana biyu, don kowace damina ƙasar da ruwa ya wanke daga bangaye tana taruwa a hanya, hanya na tashi, daɓe na nan inda yake. Ƙofar da aka toshe, ko katangar da ta raba tsakar gida biyu, galibi shaidar rabon gado ce.

Amma fa gida ɗaya ba shekara ɗaya gare shi ba. Zaure na iya girmar ɗakin amarya da shekara 60.

Me ya sa ɗakunan suke da ƙunci, bango kuma ƙato?

Itace ne ya yanke hukunci. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce mita 2 ko kusa da haka, sai ta lanƙwasa. Azarar giginya ce ta fi daraja saboda gara ba ta cika cinta ba, ga shi giginya ba itacen Adar ba ce sosai, dajinta yana can wajen Gaya. Talaka sai ya yi da goruba ko abin da ya samu, ɗaki ya fito tsukakke.

Mai hali da ke son faffaɗan zaure sai ya kira gwanin magini ya yi masa baka: ana dasa itatuwa cikin bango ko ginshiƙi, a ɗaure su hawa-hawa da igiya suna karkatowa har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da laka. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami rufin ɗaurin guga. Duk zauren da ka ga haka, wanda ya gina shi ba ƙaramin mutum ba ne a garin.

Kaurin bango kuwa, musamman daga gindi, ɗaukar nauyi ne da maganin zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙasa na shanye zafin rana a hankali, ba ta sako shi ciki sai dare, lokacin da kowa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Mene ne amfanin zaure da shigifa?

Sutura. Baƙo namiji iyakarsa zaure, kuma ba a saita ƙofofi a kan layi ɗaya, don kada na waje ya hango cikin gida.

In shafe shi da siminti, ba shi ke nan na huta ba?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe tsofaffin gidaje, kuma masu kuɗin biɗa ne suka fi yin sa, da kyakkyawar niyya. Siminti ba ya kama laka. Zafi da sanyi su tsaga shi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe tana ruɓewa a ɓoye. Daga waje gida fes, sai rana ɗaya ɓawon ya faɗo da rabin bango.

Abin da gidan ƙasa ke so bai da tsada, sai dai yana son hannu: yaɓe da laka mai ciyawa wadda aka bari ta kwana ta ruɓa, kafin ruwan farko; share rufi da toshe tsaga; gyara indararo ya riƙa watsa ruwa nesa da gindin bango. Da can aikin gayya ne. Yanzu samarin da za su kwaɓa ƙasar suna Abijan ko Libiya, abin da ke dawowa gida kuɗin kwano ne. Ban ga laifin mai rufa kwano a ɗakin da ke yoyo ba, amma ya san ya sayi zafi.

Ginin ƙasa yana da wata daraja a wajen duniya, ko mu ne ke yabon kanmu?

A je Yama, nan cikin yankin Illela. Magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'ar garin a 1962, da laka da itace da hannun mutanen gari. A 1975 aka sake rufin da bakuna da ƙubba, daga baya aka ƙara hasumiyoyi huɗu, kowace da kamanninta. A 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine. A garin Dandaji kuma, nan jihar Tawa, tsohon masallacin ƙasa da aka so rushewa, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi, aikin ya kammala a 2018.

Magada sun rabu, wasu na son rushewa. Me za a yi kafin nan?

A ɗauki hoton kowane ɗaki, a auna, a naɗi muryar tsofaffi a waya. A kira tsohon magini, ba mai bulon siminti ba, ya duba gindin bango da azara. Idan gindi lafiya yake, yawancin sauran gyara ne. Idan kuma dole sai an rushe wani sashe, a ciro azarar da tsohon ƙyaure a ajiye, a bar zauren.