Mece ce kamba, kuma me ya sa tayoyin bayan tsohuwar motar tsere ke yin gwame?

Ka tsaya a bayan mota ka ɗan durƙusa, ka dubi tayoyinta biyu na baya. Wani lokaci za ka ga ba su miƙe sak ba, samansu ya karkata ciki, ƙasansu ya buɗe waje, kamar mai gwame. Wani lokaci kuma akasin haka, saman ne ya buɗe, ƙasan ya tsuke, kamar mai ƙafar baka. Wannan karkacewar ita makanikai ke kira kamba. Da digiri ake auna ta. Idan gwame ne a ce kambar ta yi ƙasa da sifili, idan ƙafar baka ce a ce ta haura sifili.

Ɗan gwame kaɗan ba aibi ba ne, da gangan injiniyoyi ke sa shi. Idan mota ta sha kwana da gudu, jikinta yana rinjaya waje, nauyi ya faɗa kan tayar da ke wajen kwanar. Tayar da dama can ta ɗan karkata ciki, a lokacin ne take zama daram a kan kwalta, ta riƙe hanya da dukkan faɗinta. Idan gwamen ya yi yawa kuma, gefen ciki na tayar ne zai riƙa cinyewa, na waje yana nan kamar sabo.

Mutane da yawa suna ɗauka alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, na tayoyin gaba ne kawai. A mota irin MGB ta Ingila akwai gaskiya a ciki, domin aksil ɗaya ne sandararre ya haɗa tayoyin bayanta, babu abin juyawa. Idan ka ga gwame a can, aksil ɗin ne ya lanƙwashe. Amma motocin da kowace tayar baya ke motsi da kanta, labarinsu daban ne, kuma kowane kamfani da tasa dabarar.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Jaguar E-Type, wadda aka fara nuna wa duniya a birnin Janiba na ƙasar Switzerland a watan Maris na 1961. A wannan motar, sandar da ke kai wa taya ƙarfin inji ita ce kuma ke riƙe da tayar daga sama, aiki biyu ke nan a kan ƙarfe ɗaya. Faifan birkin ma ba a jikin taya yake ba, yana can ciki kusa da tsakiyar motar. To, tsakanin faifan nan da bakin sandar akwai wasu siraran faranta na ƙarfe da ake cusawa. Ka kwance notuna huɗu, ka ƙara faranti ɗaya, sandar ta ƙara tsawo, ta tura saman tayar waje, gwamen ya ragu. Ka cire ɗaya, gwamen ya ƙaru. Kaurin farantin bai wuce rabin milimita ba, amma yana canza kusan kwata na digiri. Abin da kamfanin ya nema shi ne gwame na kusan kashi uku cikin huɗu na digiri ɗaya. Kafin a auna kuwa, sai an sa wasu ƙarafa an danne motar a tsayin da take yi idan ta ɗauki matsakaicin kaya.

Wannan batu na tsayi shi ne zuciyar maganar, kuma nan ake yawan tafka kuskure. Kamba tana bin tsayin mota. Triumph Spitfire, da ta fito a 1962, ta fi kowa nuna haka. Sandunan bayanta suna lilo ne daga tsakiya, irin na Volkswagen Beetle ta da, wadda manyanmu suka sani sarai tun da an riƙa haɗa ta a Legas. Ka ɗaga Spitfire da jak ka sauke, za ka ga tayoyin sun tsuke ta ƙasa sosai, ba za su koma daidai ba sai an tura motar gaba da baya. Wanda ya auna a wannan hali ya auna iska. Irin wannan tsukewar ce ke faruwa a kwana mai tsanani, tayar ta shige ƙarƙashin motar, bayan ya kuɓuce wa direba. Sai a 1970 kamfanin ya sake fasalin sifirin ɗin baya don rage matsalar. Idan kuma sifirin ya gaji ya zauna, gwamen zai yi yawa, maganinsa sabon sifirin ne.

Corvette ta Amurka, daga 1963, da Porsche 911 ta Jamus, sun fi sauƙin sha'ani, domin suna da ƙusa mai karkatacciyar cibiya, kana juya ta tayar na karkata. Sai dai a Porsche ɗin, da ka taɓa kamba ka taɓa ɗaya ma'aunin, wato ko tayoyin sun tsuke ta gaba ko sun buɗe idan an dube su daga sama. Dole a riƙa komawa tsakanin biyun har su daidaita. A ganina wannan na biyun ya fi haɗari, domin taya mai buɗe baki a baya tana sa mota ta riƙa yawo a hanya, kuma ta fi gwame saurin cin roba.

Ni dai ba na son a fara taɓa noti kafin a duba abin da ya tsufa. Motar da ta haura shekara hamsin, robobin gaɓoɓinta sun bushe sun tsage. A ɗaga ta, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. A E-Type, idan aka ji tana motsi, sau da yawa gaɓar sandar ce ko balbarin da ke cikinta ya ci, kuma faranti ba zai gyara wannan ba. Bayan an canza abin da ya lalace, a daidaita iskar tayoyi, a sami daɓe mai shimfiɗa ɗaya, a tura motar ta zauna, sannan a ɗora ma'auni a jikin rim.