Kada a ɗora mai karaya bisa babur

A watan Janairun 1756, wani likitan fiɗa na birnin Landan mai suna Percivall Pott ya faɗo daga kan doki, ƙafarsa ta karye har ƙashi ya huda fata. Jama'a suka taru za su ciccibe shi, ya ce kada kowa ya taɓa shi. Ya ƙi a sa shi a keken doki, don ya san jijjigar hanya za ta ƙara yaga nama. Yana kwance cikin sanyi ya sa aka sayo ƙyauren ƙofa, aka buga masa sanduna biyu, aka shimfiɗe shi a kai, aka kai shi gida. Likitoci har sun shirya yanke ƙafar, tsohon maigidansa a aikin fiɗa, Edward Nourse, ya ce a dakata. Ƙafar ta warke.

To ƴan uwa, mu dubi yadda muke yi a nan Maraɗi. Kabu-kabu ya kada yaro, ko ɗan ƙwallo ya faɗi a fili, ko an ka da ɗan kokowa bisa kafaɗa. Nan take wani ya kama ƙafa yana ja wai zai mayar da ita, wasu su ɗora shi bisa babur tsakanin mutum biyu, ƙafar tana reto. Tausayi ne ya sa, na sani. Amma bakin karyayyen ƙashi yana da kaifi, kowane motsi yana iya tsinka jijiyar jini.

A bar gaɓar yadda aka same ta. A sa katako ko kwali mai kauri a gefe da gefe, ya wuce mahaɗar ƙashi ta sama da ta ƙasan karayar, a ɗaure da zane ba tare da matsewa ba. In ƙashi ya fito, kada a tura shi ciki, kada a zuba toka, ƙasa ko man birki. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a asibiti kuma a tambayi allurar tetanos. Wanda ke kukan wuya ko baya, a bar shi kwance a kira ƴan kashe gobara a lamba 18. Wanda ya bugu a kai, in yana amai ko barci na fizgarsa, ya daina wasa, a kai shi likita a ranar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗori. Ba na raina maɗora, amma ido ba ya ganin cikin nama, sai hoton ƙashi. Kuma gaɓar da ta karye kumbura take yi. In an tamke ta da kara da tsumma, jini ya kasa wucewa, cikin kamar awa 6 nama ya fara mutuwa. Yaro ya kwana yana ihu, a ce masa yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa. Iyaye mata, ku riƙa taɓa yatsunsa. In sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko ya ce ba ya jin su, ko ya ƙwalla ƙara in an miƙe su, ku kwance ɗaurin nan take ku nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.