Kafin alƙalami: idan ka fasa odar da ka bayar, wa zai ɗauki asarar?

Kafin alƙalami shi ne kuɗin da mai saye ke fara ajiyewa don a san da gaske yake yi, kafin a kama masa aiki ko a yo masa odar kaya. Tela yana karɓa, kafinta yana karɓa, haka ɗan kasuwar Kwari da aka ce ya kawo atamfar anko mai zane na daban. Mutane da yawa a Kano sun ɗauke shi kuɗin fansa: in ka fasa, ka ce "a riƙe abin da na bayar", shi ke nan. Wasu kuma su zo da zafi, tunda ba su ɗauki kaya ba a ba su kuɗinsu cif. Duka biyun akwai gyara.

Abin da ake fara dubawa shi ne irin kayan. Buhun shinkafa a kasuwar Singa, in ka fasa, kafin la'asar wani ya saya, mai shago bai yi asarar komai ba. Amma gado da durowar da aka auna da ɗakin amarya fa? Ko kofuna da jakunkunan da aka buga wa sunan ango da amarya, sannan aka fasa auren? Waɗannan ba mai saye, ko kuma sai an karyar da su. Kafinta ya sayi katako, ya biya yaransa, ya ture aikin wasu saboda naka. A nan abin da ke wuyanka zai iya wuce kafin alƙalamin da ka bayar, kuma ni ina ganin adalci ne.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ta 2018, a sashe na 120, ta ba mai saye damar soke oda, amma ta ce mai kaya zai iya cajin sa abin da ya dace. Wajen auna dacewar ana duba yanayin kayan, da tsawon sanarwar da aka bayar, da yiwuwar samun wani mai saye, da al'adar sana'ar. Ke nan wanda ya kira waya kafin a sa wa yadi almakashi ba ɗaya yake da wanda ya yi shiru har aka gama ɗinki ba. Shi ma mai kaya ba zai cinye kuɗinka duka, ya kuma sayar da kayan da riba ba.

A fiƙihu, ba da aiki a ƙera maka abu shi ne istisna'i. Riƙe kafin alƙalami don kawai mai saye ya fasa kuwa shi ne cinikin urbun, wanda mazhabar Malikiyya, da kotunan shari'ar Musulunci na Kano ke bi, ta hana. Hambaliyya sun halatta shi, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ma ta amince da shi a 1993, da sharaɗin a yanke wa'adi. Sai dai hanin Malikiyya bai ba ka damar warware ciniki kai kaɗai ba. Idan ciniki ya ƙullu, sai da yardar ɗaya ɓangaren, abin da ake kira iƙala, kuma hadisi ya kwaɗaitar da ɗan kasuwa ya karɓi uzurin wanda ya yi nadama.

Yawancin irin wannan rigima a gaban shugabannin kasuwa ko ofishin Hisba take ƙarewa da sulhu. Wadda ta kai kotu, alƙali zai tambayi rasit da shaidu, kuma nan ne aka fi samun cikas, don cinikinmu na baki ne. Tun ranar ba da oda a rubuta farashi, da ranar karɓar kaya, da abin da za a cire idan an fasa. Ko saƙon WhatsApp ne, kowa ya ajiye nasa.