Maganin Shaye-shaye ta Hanyar Tattaunawa da Tallafin Jama'a

Maganin shaye-shaye ta hanyar tattaunawa rukuni ne na dabarun da likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam ke amfani da su wajen raba mutum da giya ko ƙwaya, ta gyara tunaninsa da ɗabi'unsa da mu'amalarsa da mutane. Yakan biyo bayan wanke jiki a asibiti, domin fitar da ƙwaya daga jini ba ya cire sha'awarta daga zuciya, musamman idan aka sallami matashi ya koma majalisar da ya saba zama, inda abokansa ke miƙa masa wiwi ko tiramadol.

Fitacciyar dabara ita ce gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ta samo tushe daga aikin likitan Amurka Aaron Beck a shekarun 1960. Ana zama da majinyaci a tantance abin da ke tayar masa da sha'awar, ko zaman banza ne bayan la'asar, ko faɗa da mahaifi, ko kuɗin da suka shigo aljihu, sannan a koya masa abin da zai yi a madadin sha, har da yadda zai ƙi tayin aboki ba tare da jin kunya ba. Akwai kuma hirar zaburarwa da masanin halayyar ɗan Adam na Amurka William Miller ya bayyana a 1983, inda mai ba da shawara ke kauce wa tsawa da wa'azi, yana yin tambayoyi har majinyacin ya furta dalilan dainawa da bakinsa. Zaman rukuni na masu fama da matsala iri ɗaya ya shahara ne daga ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu neman daina shan giya, wadda aka kafa a Amurka a 1935.

A Kano ana samun irin wannan kulawa a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi kuma tana da sashen ba da shawara. Iyaye da yawa sun daɗe suna kai 'ya'yansu gidan mari, sai dai sarƙa da bulala ba sa cikin magani, kuma samamen da 'yan sanda suka kai irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019 ya tona asirin azabar da ake yi a ciki. Masana sun fi son a shigar da iyali cikin jinyar, a rage gori, a samar wa mai murmurewa sana'a, idan kuma ya koma ruwa a ɗauki hakan a matsayin ciwon da ya tashi, a sake komawa wurin likita.