Waiwaye: Daga wasan maciji zuwa Hamster, yadda ƙananan wasannin waya ke zama yayi

A watan Mayun 2013 wani matashi ɗan ƙasar Biyetnam mai suna Dong Nguyen, mazaunin birnin Hanoi, ya ɗora wani ɗan wasa a rumbun manhajojin Apple, ya sa masa suna Flappy Bird. Ɗan tsuntsu ne, in ka taɓa fuskar waya ya yi sama, in ka saki ya yo ƙasa, kai kuma kana ƙoƙarin ratsawa da shi tsakanin wasu korayen bututai. Da ya gogi bututu, shi ke nan, sai a koma farko. Cikin kwana biyu zuwa uku aka haɗa shi, kuma ya shafe wajen wata bakwai a ajiye babu mai waiwayarsa. A watan Janairun 2014 kwatsam ya haye saman jerin manhajojin kyauta a Amurka da wasu ƙasashe da dama, har mai shi ya shaida wa 'yan jarida cewa tallan da ke fitowa a ciki yana kawo masa kimanin dala 50,000 a kullum. Ba a kai tsakiyar Fabrairu ba ya sauke shi da hannunsa, yana cewa wasan ya zama jaraba ga mutane, shi ma ya hana shi barci.

Tsuntsun watan Mayu shi ne dai tsuntsun watan Janairu. Saboda haka amsar da aka saba bayarwa, wai sauƙin fasalin wasa ne ke sa shi yaɗuwa, ba ta isa ba. Wasanni masu sauƙi dubbai ne ake sakewa kowane wata, akasarinsu ko mutum dubu ba sa samu. Idan aka bi tarihin waɗanda suka yi tashe, za a ga kusan kowannensu ya dace da wata sabuwar hanya ce ta wucewa daga hannun wani zuwa hannun wani.

Hanya ta farko ita ce mafi sauƙi, wato ka sayi waya ka tarar da wasan a ciki. A 1997 kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya saka Snake a wayarsa samfurin 6110, wani injiniyansa Taneli Armanto ne ya rubuta shi. Fasalin wasan ya girmi wayar salula, tun shekarun 1970 ake buga irinsa a injinan wasa. Abin da Nokia ta yi shi ne jefa shi a aljihun jama'a. Samfurin 3310 da ya fito a 2000 ɗauke da Snake II an sayar da guda miliyan 126. A Najeriya layukan salula na zamani sun fara aiki a 2001, don haka mutane da yawa a nan wasan maciji ne abu na farko da suka taɓa bugawa a kan allo. Ba a talla, ba a sayen data, ba a tambayar kowa. Gasar ma ta cikin gida ce: wa zai goge makin da yayansa ya bari a waya.

Abubuwa sun sauya a watan Yulin 2008 da Apple ya buɗe App Store, Google ma ya biyo baya da nasa na Android a shekarar. Daga nan kowa na iya haɗa wasa a ɗakinsa ya kai shi gaban duniya. Amma rumbunan sun zo da wani abu da ya fi buɗe ƙofar tasiri, wato jerin manhajojin da aka fi saukewa. Wanda ya shiga goman farko, miliyoyin masu leƙe za su gan shi, su sauke, saukewar tasu ta ƙara ɗaga shi sama. Wanda yake na ɗari biyar kuwa ko da ya fi kyau babu mai ganinsa. Angry Birds na kamfanin Rovio, wanda ya fito a Disambar 2009, shi ne wasa na 52 da kamfanin ya yi, bayan ya kusa durƙushewa. Ya fara hawa jerin ne a ƙananan kasuwanni irin su Finlan, inda saukewa kaɗan ke isa a kai mutum sama, kafin ya shiga Ingila da Amurka. Temple Run, wanda wasu ma'aurata, Keith Shepherd da Natalia Luckyanova, suka fitar tare da wani mai zane a 2011, da kuɗi aka fara sayar da shi. Sai da suka mai da shi kyauta sannan ya ɓarke.

A garuruwanmu wannan zango ya bi ta wata hanyar daban, domin data tana da tsada. Temple Run da Subway Surfers sun fi yawo ta Bluetooth da Xender, da kuma shagunan masu cajin waya da tura fina-finai. Wasan da bai da nauyi, kuma yake aiki ba tare da intanet ba, shi ke tsallakawa daga waya zuwa waya a majalisa. Irin wannan yaɗuwa ba ta shiga lissafin rumbunan manhajoji, amma ƙa'idar ɗaya ce: sai wani ya gani a hannun wani.

Candy Crush Saga na kamfanin King shi ya fi kowa iya sarrafa wannan ƙa'ida, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ya fara a Facebook a Afrilun 2012, ya shigo waya a ƙarshen shekarar. Jera alewa uku masu launi ɗaya ba sabon abu ba ne, Bejeweled ya riga shi da shekara fiye da goma. Sabon abin shi ne tsarin rai. Ana ba ka rai biyar, duk faɗuwa ta ci ɗaya, kuma kowane rai sai bayan minti 30 yake dawowa. In sun ƙare, zaɓinka uku ne: ka jira, ka biya kuɗi, ko ka roƙi abokanka na Facebook su turo maka. Duk wanda ka zaɓa kamfanin ya ci riba. In ka jira, ka tashi ba ka ƙoshi ba, za ka dawo. In ka biya, an samu kuɗi. In ka roƙa, ka yi musu talla kyauta, kuma da sunanka saƙon zai isa ga ɗan'uwanka, ba da sunan kamfani ba. Ga kuma taswirar matakai da ke nuna hoton abokinka ya wuce ka da mataki goma. A 2016 Activision Blizzard ya kammala sayen King a kan dala biliyan 5.9.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin ɓangaren da ke riƙe mutum. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce B. F. Skinner ya nuna a gwaje-gwajensa da tantabaru da ɓeraye cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa nacewa a kan ladan da ke zuwa a ƙayyade. Alewar da ke zubowa daga sama ba ka san irinta ba, haka ma tazarar bututun da ke tafe. Ƙara da cewa faɗuwa ba ta da tsada, cikin daƙiƙa ɗaya ka sake farawa, kuma kullum ji kake saura ƙiris. Wannan yana bayyana dalilin da ya sa wanda ya fara ba ya ajiyewa. Bai bayyana yadda aka yi ya fara ba.

A Flappy Bird haushi ne ya yi dillancin. Wasan yana da wuya ƙwarai, mutum sai ya yi awa bai wuce maki biyar ba, sai ya hau Twitter yana zagin tsuntsu, ya haɗa da hoton makinsa. Mai karantawa ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, ya sauke, shi ma ya dawo yana zagi. A ƙarshen Janairun 2014 PewDiePie, wanda a lokacin ya fi kowa mabiya a YouTube, ya yi bidiyo yana bugawa, wutar ta ƙara ruruwa. Haka ta faru da Among Us, wanda ƙaramin kamfanin Innersloth ya saki a Yunin 2018. Shekara biyu yana lallaɓawa, sai a tsakiyar 2020, lokacin kullen korona, masu watsa wasa kai tsaye a Twitch da YouTube suka ɗauke shi. A wannan kullen ne ma Ludo King na Indiya, wanda ke nan tun 2016, ya cika wayoyi, saboda ya bai wa dangin da aka raba damar buga lido tare daga nesa.

Akwai rashin adalci a harkar, kuma labarin Threes ne shaida. Asher Vollmer da Greg Wohlwend sun yi wata 14 suna gyara wasan haɗa lambobi, suka fitar da shi na kuɗi a Fabrairun 2014. Bayan wata guda wani ɗan Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, ya haɗa 2048 a hutun ƙarshen mako ɗaya, yana kwaikwayon wani wasan da shi ma Threes ya kwaikwaya. Nasa kyauta ne, ya fi sauƙin ci, kuma ana buɗe shi da latsa adireshi kawai. Yau mutane da yawa sun san 2048, ba su taɓa jin sunan na asalin ba. Daga baya kamfanonin Faransa irin su Ketchapp da Voodoo suka mai da abin masana'anta: a haɗa wasa cikin 'yan kwanaki, a gwada tallansa a Facebook, in mutane sun latsa da arha a zuba masa kuɗi, in ba haka ba a watsar a kama wani.

Wordle, wasan cankar kalma, ya zo da akasin duk wannan, ya kuma yi tashe. Josh Wardle ya haɗa shi ne don abokiyar zamansa, ya buɗe wa jama'a a Oktoban 2021. Babu talla, babu sayen rai, kalma ɗaya tak a rana, gwaji shida. Ranar 1 ga Nuwamba mutum 90 ne suka buga. A Disamba ya ƙara maɓallin da ke fitar da sakamakonka a matsayin ƙananan murabba'ai kore da rawaya, waɗanda za ka wallafa ba tare da ka tona amsar ba. Farkon Janairun 2022 masu bugawa sun haura 300,000, ƙarshen watan jaridar New York Times ta saye shi.

Shi yayi irin wannan wutar kara ne, kuma masu zuba jari sun sha ƙonewa. A Maris ɗin 2012 Zynga ya sayi kamfanin OMGPOP a kan dala miliyan 180 saboda wasansa Draw Something, wanda ya yi kimanin mako shida kacal da fitowa. Kusan nan take masu bugawa suka fara raguwa, a 2013 aka rufe kamfanin.

Zangon baya-bayan nan shi ya fi taɓa Arewa kai tsaye. A farkon 2024 Notcoin ya bayyana a cikin Telegram, wasan da ba shi da komai sai dangwala hoton tsaba. Bambancinsa shi ne alƙawarin cewa makin zai koma kuɗin kirifto. A watan Mayu aka sa shi a kasuwa, wasu suka sami abin da suka samu, hotunan alat suka cika Facebook, aka ce ta fashe. A lokacin an cire tallafin fetur shekara guda ke nan, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, don haka ba a buƙaci dogon wa'azi ba. Matasa da matan aure da ma dattawa suka rungumi mainin, wato dangwalar waya don tara irin wannan maki, aka koma TapSwap da Hamster Kombat. A nan an daina ɓoye dabarar: kawo mutum ta mahaɗinka a ƙara maka maki, shiga tasharsu ta YouTube a ƙara maka, dawo kullum ka kwashi na ranar. Masu Hamster sun yi iƙirarin samun 'yan wasa miliyan 300 cikin 'yan watanni, har wani babban hafsan sojan Iran ya kira shi makamin yaƙin ruwan sanyi da ake ɗauke hankalin jama'a da shi gab da zaɓe.

Ranar 26 ga Satumban 2024 aka sa kuɗin Hamster a kasuwa. Cikin miliyan 300 ɗin, miliyan 131 ne aka ce sun cancanci rabo, aka kori sama da miliyan 2 bisa zargin maguɗi. Tukunyar da aka raba wa wannan taron ba ta iya ƙosar da kowa ba, mutane da yawa da suka yi watanni suna dangwale suka tashi da 'yan daloli da ba su biya kuɗin data da caji ba. Zuwa farkon Nuwamba masu buɗe wasan a wata sun sauko zuwa kimanin miliyan 41.